Filash ɗin Godox da Yongnuo ko na Canon da Nikon: wanne mai hoton biki zai saya?

Duk mai hoton da ya fara samun aikin biki a Katsina ba ya jimawa yake gane cewa ɗan filash ɗin da ke tasowa a saman kamara ba zai fisshe shi ba. Kamu da yamma ake yinsa a tsakar gida ƙarƙashin rumfa, dina da daddare a ɗakin taro mai fitilu ja da shuɗi, walima kuma wani lokaci a falon da tagarsa ɗaya. Sai a fara shawara: a tara kuɗi a sayi Canon 600EX II-RT ko Nikon SB-5000, ko kuwa a ɗauki Godox ko Yongnuo? Kuɗin babban filash ɗin Canon guda ɗaya zai sayi Godox TT685 uku har a yi canji. A ganina, wanda da hoto yake ci, gara masa Godox biyu da Canon ɗaya tilo, domin in filash ya mutu ana tsakiyar yankan kek, suna ba zai haska fuskar amarya ba. Amma akwai abubuwan dubawa kafin a miƙa kuɗi.

Fara da kamararka. Duba mazaunin filash da ke samanta. A tsakiyarsa akwai wani babban ɗigon ƙarfe, shi ke ba filash umarnin tashi, ƙananan da ke kewaye da shi kuma su ke kai saƙon TTL, wato tsarin da kamara ke auna haske ta saita ƙarfin filash da kanta. Canon 4000D da 250D da wasu 2000D an fitar da su babu wannan ɗigon na tsakiya. Waɗannan kuwa su ne kamarorin da masu farawa suka fi saye saboda sauƙinsu. In ka ɗora musu filash ɗin manuwal (wanda kai ke saita ƙarfinsa da hannu) mai fil ɗaya, irin Godox TT600 ko Yongnuo YN560 IV, ko motsi ba zai yi ba, sai ka zaci lalatacce aka sayar maka. Waɗannan kamarori sai filash mai TTL, shi ma wani lokaci sai an sabunta manhajar cikinsa ta kwamfuta. Canon R50 kuma mazauninta sabon samfuri ne gaba ɗaya, tsofaffin filash ba sa aiki a kanta sai da adafta AD-E1. Sannan ka kula da harafin ƙarshen sunan Godox: C na Canon ne, N na Nikon, S na Sony, F na Fujifilm. TT685N ba zai yi maka TTL a kan Canon ba.

Sai lambar ƙarfi da ake rubutawa a kwali, GN. Mai shago zai nuna maka 60 a jikin Godox, ya ce ai ya kusa ninka SB-5000 mai 34.5. Ba haka ba ne. An auna 60 ɗin ne da zum ɗin kan filash a 200mm, inda hasken ke tsukewa wuri ɗaya, Nikon kuwa a 35mm suke ba da nasu. Canon 600EX ma da ke da 60 a 200mm, in ya dawo 35mm 36 yake. Wato manyan duk kusan ƙarfinsu ɗaya. Amfanin lambar shi ne lissafi: raba ta da lambar f (ta buɗewar lens), ka sami nisan da haske zai kai a mita, a ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin yadda kamara ke jin haske). Da 36 a f/5.6, mita shida da ɗoriya ke nan. Hoton dangin ango a nisan mita 4 da f/8 yana bukatar 32, kusan duk ƙarfin filash ɗin. Ɗaga ISO zuwa 400, sai 1/4 na ƙarfin ya wadatar.

Wannan lissafin shi ke ceton filash daga zafi, kuma a nan mai araha ya fi nuna halinsa. Littafin Godox da kansa ya ce kada a wuce bugu 30 a jere da cikakken ƙarfi, bayan haka a bar shi ya huta minti 10. In ka matsa masa, alamar zafi za ta fito a allo, ya koma yana jan lokaci tsakanin bugu da bugu. Ka tuna a watan Afrilu da Mayu zafin Katsina da Daura yakan kai digiri 40, kuma lokacin liƙi, da ƙawayen amarya suka cika fili, ba wanda zai jira ka. Nikon SB-5000 yana da na'urar sanyaya kansa a ciki, shi ya sa yake jure bugu sama da 100 a jere. Wannan fifiko ne na gaskiya. Sai dai wanda ke aiki a ISO 400 zuwa 800 da ƙarfin 1/4 ko 1/8 da wuya ya ga alamar zafin nan, in kuma ta fito sai ya ciro na biyun daga jaka.

Batir ma magana ce babba, kuma yawancin ƙorafin da ake yi wa filash mai araha laifin batir ne. Batirin tocila da rediyo na shagon unguwa ba ya iya cika kafasita (ma'ajiyar wutar cikin filash) da sauri, bugu kaɗan sai ka ga ana jiran daƙiƙa takwas ko goma. Alkalin ya ɗan fi, amma in aka manta shi a ciki yakan yi yoyo ya cinye ƙarafan. Abin da ya dace shi ne masu caji, NiMH, irin Eneloop, saiti uku na guda hurhuɗu, kowane saiti a yi masa alama kada a gauraya tsoho da sabo. TT685 da irin waɗannan yakan yi bugu kusan 230 da cikakken ƙarfi, yana cika cikin daƙiƙa 2.6. Godox V860III mai batirin litiyam nasa na kansa yana kai wa 480, yana cika cikin daƙiƙa 1.5. Ga garin da ake yawan ɗauke wuta, kowanne da inda yake ciwo: na litiyam caji ɗaya ya kai ka ƙarshen dina, amma in ya ƙare a wani ƙauye bayan Mashi ko Mai'adua, shi ke nan, sai in kana da na ajiya. Mai amfani da ƙananan batura (AA) kuwa, ko alkalin ka samu sai ka lallaɓa.

A TTL ne na fi ganin bambanci tsakanin na kamfanin kamara da na waje. Na Canon da Nikon sun fi daidaito daga hoto zuwa hoto, na waje kan ɗan yi sama da ƙasa. Amma dukkansu kayan bikinmu na ruɗa su. Ango da abokansa cikin farar shadda: kamara ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske, fuskoki su fito duhu. Ƙara wa filash ɗin +2/3 ko +1. Leshi mai duwatsu da ƙyalli yana mayar da haske, shi ma yakan sa ta rage. In wurin tsayuwa ɗaya ne, kamar kujerar ango da amarya, bar TTL ka koma manuwal, ka saita sau ɗaya. Buga haske a silin kuma yana kyau ne kawai in silin ɗin fari ne kuma bai yi nisa ba. Silin roba mai launin katako ko rumfa ja zai rina fuskokin mutane, ko nawa aka sayi filash ɗin.

Maganar HSS, wato aiki da filash a saurin ɗauka mai yawa, ba ta da tsawo. Yawancin kamarori ba sa wuce saurin ɗauka na 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa da filash, in an wuce sai baƙin layi ya bayyana a hoton. HSS ke ba da damar wucewa, misali in kana son cike inuwar da rawani ya yi wa fuska da tsakar rana, amma yana cin ƙarfi sosai, sai an matso kusa. TT685 da V860III suna da shi, YN560 IV ba shi da shi, kuma Nikon D3500 da D5600 da 'yan gidansu ba sa yinsa ko da wane filash. Dawakin hawan sallah a Ƙofar Soro kuwa, ko na Hawan Magajiya a Daura, kashe filash ɗinka: daga nesa ba ya kai wa, daga kusa kuma ba a wasa da idon doki.

Wani abin da ake mantawa shi ne kowane kamfani da yaren rediyonsa. Tsarin X na Godox, RT na Canon da na Yongnuo 560 ba sa jin juna. Wanda ya sayi Godox yau, gobe zai ƙara tiriga (na'urar da ake ɗorawa a kamara ta tayar da filash daga nesa) X2T ko XPro, da TT600 a kan sanda da laima, har babban filash AD200 in aiki ya buɗe, duka a tiriga ɗaya. Saboda haka zaɓi gida ɗaya ka zauna.

Me ya rage wa mai suna? Ƙarko, da kariya. 600EX II-RT yana da robar hana ƙura da ruwa, abin da ake gode masa a hunturu. Kuma na hannunsa ya fi riƙe daraja in za ka sayar. In ka sami Canon 430EX III-RT ko Nikon SB-700 na hannu mai lafiya a farashi mai kyau, ba laifi.

Ko sabo ne ko na hannu, daga Kano aka kawo ko daga Legas, kada ka biya sai ka gwada a kamararka da batirinka. Sa shi a manuwal 1/4, ka ɗauki farin bango sau goma, ka duba ko hasken ya zo ɗaya. Juya zum ɗin lens ka ji ko motar kan filash tana bi. Girgiza ƙafarsa a hankali bayan ka kulle, ka buɗe murfin batir ka duba tsatsa ko farin gari, domin murfin da ƙafar su ke fara karyewa a masu araha. Gilashin gaba da ya yi rawaya ko ya ƙone alama ce an gasa shi da aiki. In kuma wata rana ya tsaya, kada ka kwance shi da kanka: kafasitar ciki tana riƙe wutar da ta kai bolt 300 ko bayan an cire batir.