Wasiƙar da na cusa ƙarƙashin shadda

Har yau in na tuna wasiƙar nan sai raina ya sosu. Farar ambulan ce ta zo shagona a Peckham, kudancin Landan. Na ɗauka takardar talla ce, na cusa ta ƙarƙashin bandir ɗin shadda na ce sai na samu sarari. Wata biyu ta yi a wurin.

Atamfa da leshi da turaren wuta nake sayarwa. Da zan buɗe shagon, masu inshora suka ce sai na sa ƙararrawar ɓarayi irin wadda ke haɗe da cibiyar masu sa ido, kuma 'yan sanda su ba ta lambarta, wadda suke kira URN. Ba kowane mai gyaran wuta ke sa irinta ba, sai kamfanin da ke da shaidar NSI ko SSAIB, masu tantance kamfanonin ƙararrawa. Aka sa, aka rubuta mutum biyu masu riƙe makulli da za su iya isowa cikin minti 20.

Abin da ban riƙe ba shi ne lissafin. A Ingila, in ƙararrawarka ta kira 'yan sanda a banza sau uku cikin wata 12, sun daina zuwa maka. An faɗa mini ranar da aka sa ta, amma hankalina na kan wata 'yar Gana da ke taya leshi.

Na farko ni ce da kaina. Da azumi, na rufe na fita, na tuna na bar waya, sai na koma ta ƙofar baya don sauri. Na'urar ƙofa ta ji ni, ta ɗakin ajiya ma ta ji ni, kuma in biyu suka kama a jere, kai tsaye cibiyar ke ɗauka ɓarawo ne. 'Yan sanda suka iske ni riƙe da waya da ledar dabino. Na biyu ɗan wana ne, na ba shi makulli ban zaunar da shi na koya masa ba.

"Gwaggo, wallahi na danna lambar, ita ce ta ƙi ji," in ji shi.

"Ta gidanku ka danna, ɗana."

Bayan na biyun ne wasiƙar ta zo daga 'yan sanda. Gargaɗi ce: saura ɗaya. Da na buɗe ta, da ban rataya balan-balan na Babbar Sallah a shagon ba, ko in ce da na sauke su kafin in rufe. Cikin dare suka tsinke suka yi ta yawo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na uku ke nan.

Aka janye mana 'yan sanda. Kafin su dawo sai an gyara musabbabin, kuma ƙararrawar ta yi kwana 90 ba kiran ƙarya. Dole na sanar da masu inshora, tunda da sharaɗin zuwan 'yan sanda suka karɓe ni, kuma muryar wadda ta ɗauki wayar ba ta yi mini daɗi ba. Wata uku ina kwashe leshi masu tsada a akwati in kai gida kullum da dare, in dawo da su da safe. Bayana bai yafe mini ba har yanzu. Duk saboda ambulan ɗin da ban yage ba.

Maƙwabcin da ke saman shagon ma ya tuna mini cewa ƙararrawar da ta yi minti 20 tana kuka ba tsayawa, ƙaramar hukuma na da ikon zuwa ta kashe ta.

Ta gobara kuwa labarinta daban. Kaskon turare ya taɓa tayar mini da ita da rana tsaka, na tsaya bakin ƙofa ina jiran 'yan kwana-kwana da kunya, ba wanda ya zo. Ashe tun Oktoban 2024, a Landan ba sa fitowa don kukan ƙararrawa kawai a yawancin wuraren kasuwanci tsakanin ƙarfe 7 na safe da 8:30 na dare, sai mutum ya buga 999 ya ce ga wuta. Wuraren da ake kwana ba sa cikin wannan. Yanzu mai son jin ƙanshi waje nake fita da ita da kaskon.

Wasiƙar tana nan, na liƙa ta da salatif a saman inda ake danna lambar. Ɗan wana ya ce in cire, tana kore masa kwastoma. Na ce ya fara haddace lambar tukuna.