Buroshin aski na hannu da ke yawo tsakaninmu

Duk wanda ya shiga harkar aski da sabulu da buroshi ya san cewa hoto ba ya gaya maka komai a kan buroshi. Za ka ga mariƙi yana ƙyalli, kala ta hau kala kamar a lashe, gashin ya tsaya cak, amma sai ka jiƙa shi ka ɗora a haɓa sannan za ka san ko naka ne ko ba naka ba. Shi ya sa nake matuƙar son wannan tsari da masu sha'awar aski suke yi, inda ake haɗa buroshi na masu sassaƙa da hannu a akwati ɗaya, akwatin ya riƙa zagawa daga hannu zuwa hannu, kowa ya riƙe na ɗan lokaci ya gwada, ya rubuta abin da ya ji a wani littafi da ke cikin akwatin, ya wanke tas ya busar, sannan ya tura wa na gaba. Babu saye babu sayarwa, amana ce kawai. Akwatin ya iso wurina kwanan baya, na yi ta aski da su ɗaya bayan ɗaya, to ga abin da na gani.

Bari na fara da abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Idan aka ce buroshi na hannu ne, yawanci mariƙin ake nufi. Mai sana'ar yana zuba rezin ɗinsa da kansa, wato wani ruwan roba da ke daskarewa ya yi tauri, ya gauraya kaloli, ko ya samo icce mai kyau wanda aka tsuma da rezin don kada ruwa ya ci shi, ya ɗaura a injin da ke juyawa ya riƙa sassaƙa har siffar ta fito, ya goge da yashin takarda daga mai kaushi zuwa mai laushi, ya huda rami a sama. Shi kuma ƙullin gashin, wato dunƙulen nan da aka ɗaure gindinsa da gam, galibi sayo shi ake yi, kuma mafi yawan gashin dabbar baja (badger a Turance, wata 'yar dabbar daji mai haƙa rami) da ake amfani da shi daga Sin yake fitowa. Akwai 'yan ƙalilan da suke ɗaure ƙullin da hannunsu, suna jera gashin suna daidaita kawunansa, amma ba su da yawa gaskiya. To in haka ne ina gwanintar take? Tana wurin zurfin ramin da kuma yadda aka zaunar da ƙullin a ciki, kuma wallahi wannan ɗan abin shi ne ya raba buroshin da ke cikin akwatin nan gida biyu.

Akwai guda biyu da, bisa takardar da aka saka a ciki, ƙulli iri ɗaya aka sa musu, gashin baja mai faɗin milimita 26, daga wuri ɗaya. Na farko an tura ƙullin can ciki, gashin da ya rage a waje bai fi milimita 48 ba. Na biyu an bar shi ya fito sosai, wajen milimita 54. Milimita 6 kenan tsakaninsu, abin da ido ma da ƙyar zai kama, amma a fuska kamar ba daga dabba ɗaya aka samo su ba. Gajeren yana da ƙarfin tsayuwa, kana juya shi a kan sabulu mai tauri yana kwasa ba wasa, kana kai shi fuska kana jin yana tayar da gashin gemu yana shiga ƙarƙashinsa, sai dai ba ya son buɗewa, sai ka ɗan danna kafin ya baje, kuma yana riƙe kumfa a cikinsa yana maka rowa, a zagaye na biyu sai da na matse shi da yatsu kafin ya saki. Dogon kuwa da ka taɓa fata ya buɗe, laushi kamar me, kumfa na fita daga cikinsa a sauƙaƙe, amma a kan sabulu mai tauri sai ya riƙa lanƙwashewa, ka daɗe kana juyawa kafin ya ɗauki abin kirki. Da kirim mai laushi a kwano kam babu kamarsa.

Ni a fuska nake tayar da kumfa, ba kasafai nake amfani da kwano ba, don haka gajeren ya fi dacewa da hannuna. Amma wanda ya riƙe akwatin kafin ni ya rubuta cewa gajeren ya yi masa tsauri, wuyansa ya yi ja bayan aski, shi dogon ya fi so. Kuma gaskiyarsa ce, fatarsa ce ta gaya masa. Wannan shi ne amfanin littafin da ke tafiya tare da akwatin, kana karanta ra'ayin mutane daban-daban a kan abu guda ɗaya tak, buroshin da ya taɓa fuskarsu shi ne dai ya taɓa taka, don haka in kun saɓa ka san bambancin daga fata ne da ruwa da yadda kowa ke riƙe hannunsa.

Maganar ruwa ma ba ƙarama ba ce fa. Inda ruwa ke da gishirin ƙasa da yawa, irin wanda ke barin farin dasashi a jikin famfo, sabulu ba ya saurin kumfa, kuma yana barin wani maiƙo a gindin gashi. Mutum zai iya ɗora wa buroshi laifin da na ruwansa ne.

Sai siffar kan gashin. Akwai wanda ake yi masa kai mai tudu, tsakiyarsa ta fi gefe tsawo, akwai kuma wanda kansa ya kusa zama a baje. Mai tudun yana tattara ƙarfinsa a tsakiya, yana da daɗin sarrafawa a wuraren da suke da ƙunci, ƙarƙashin hanci da gefen saje, ba ya cika maka kunne da kumfa. Mai bajen kuma kawunan gashi da yawa ne ke taɓa fata a lokaci guda, sai ka ji ya fi girmansa, milimita 24 ma sai ya yi kamar 26. A akwatin akwai wani mai baje da aka ɗan gyara kawunan gashinsa da sinadari har suka yi fari, in ya jiƙe sai su yi wani santsi suna manne wa juna, masu son irin wannan suna mutuwar sonsa. Ni ban ƙi shi ba, amma na fi son in ji gashi a fuskata ko da kaɗan ne, in san ana aiki.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na gashin roba. Da can in an ce buroshin nailan, kowa ya san abu ne mai tauri da ke watsa ruwa ko'ina. Yanzu abin ya canza ƙwarai, zaren da ake yi a 'yan shekarun nan an sirance kawunansa, kamfanoni irin su Mühle na Jamus, wanda aka kafa a 1945, da Plisson na Faransa sun taka rawa wajen sa mutane su yarda da shi. Wanda ke cikin akwatin baƙi ne mai fararen kawuna, an zaunar da shi a mariƙin ƙarfen alminiyam. Ba ya buƙatar a jiƙa shi ya tsumu, ka tsoma ka girgiza ka fara, sabulu kaɗan yake ci, ya bushe da wuri, ba shi da warin dabba. Abin da ya rasa guda ne, ba ya shan ruwa a cikin zaren, tsakanin zare da zare kawai yake riƙewa, don haka in ka danna da ƙarfi sai ruwan ya gangaro ta mariƙi zuwa gwiwar hannu, kuma ba ya riƙe ɗumi kamar baja. Ga wanda ba ya son gashin dabba, ko don tausayin dabbar ko don wani dalili nasa, wannan ya isa har da sauran canji. Ni da kaina in zan ba sabon shiga shawara, da shi zan ce ya fara.

Na gashin aladen daji shi ne wanda tsarin zagayawa ya fi yi wa adalci. Irin wannan gashi sabo fil ba ya da daɗi, yana da tsini, yana da wari, yana shanye kumfa. Sai an yi ta jiƙa shi ana busarwa sannan kawunan suke tsagewa biyu ko uku, daga nan ya yi laushi a sama alhali jikinsa na nan da ƙarfinsa. Mutanen farko da suka gwada shi sun rubuta cewa yana suka, na baya-baya kuma suna ta yabonsa, kana bin littafin shafi bayan shafi kana ganin yadda buroshin yake nuna a hannun mutane. Kamfanonin da suka yi suna a wannan gashi su ne Omega na Italiya da Semogue na Fotugal, kuma masu sassaƙa da yawa sukan ciro ƙulli daga irin waɗannan su sake masa gida. Abin tunawa kawai, a jiƙa shi na 'yan mintuna kafin a fara, in ba haka ba busasshen gashi karyewa yake yi. Na gashin doki ma akwai shi, mutanen Sifen ne suka fi riƙe shi, yana tsakanin baja da alade wajen laushi, sai dai yana da saurin cukurkuɗewa a tsakiya in aka cika danna shi.

To mu dawo kan mariƙi, don kada a ce na raina shi. Ban raina ba ko kaɗan. Hannu jiƙe da sabulu shi ne alƙalin mariƙi. Akwai wani kyakkyawa na gaske a akwatin, shuɗi da fari sun naɗe juna, amma jikinsa sumul yake daga sama har ƙasa babu ƙugu, da kumfa ta taɓa shi sai ya fara neman zamewa. Wani kuma na icce ne mai duhu, ba ya ɗaukar ido, amma mai shi ya yi masa ƙugu daidai inda babban yatsa da manuni suke haɗuwa, ya bar wani ɗan leɓe a sama da ke tare kumfa kada ta sauko, gindinsa da faɗi yana zama daram a kan kanta. Kana riƙewa za ka san wanda ya sassaƙa shi mai aski ne, ya san inda hannu ke gajiya. Tsawo ma yana da magana, mai kwano yana buƙatar dogon mariƙi don kada yatsunsa su riƙa dukan bakin kwano, mai tayar da kumfa a fuska kuma gajere mai kauri ya fi masa. Yawancin waɗannan siffofi ma asalinsu daga tsofaffin gidajen Ingila ne, irin su Simpson da aka fara a 1919 da Kent da ke nan tun 1777, masu sassaƙa na yanzu suna ɗauka su ƙara nasu.

Nasan tambayar da ke ran wasu, ta yaya za ka sa a fuskarka abin da wani ya sa a tasa? Tambaya ce mai kyau kuma bai kamata a yi wasa da ita ba. Reza kam ba a karɓa-karɓa da ita, kowa da tasa. Buroshi kuwa ana wanke shi da shamfu ko sabulun wanke kwanuka mara ƙarfi, wasu su ɗan tsoma shi a ruwan da aka sirka da binega don ya narkar da dasashin sabulu, a ɗauraye sosai, a girgiza, a shafa a tawul a hankali, a bar shi a fili ya bushe har can gindi kafin a rufe shi a akwati. Wanda ya aiko ya wanke, kai ma da ka karɓa ka sake wankewa. Ruwan zafi mai tafasa kuwa a kiyaye, yana sassauta gam ɗin da ke riƙe ƙullin, yana kuma lalata kawunan gashi. Mai ƙuraje ko wani ciwo a fuska ya haƙura ya bar akwatin ya wuce. Tarihi ma ya nuna abin ba na wasa ba ne, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya da gashin baja ya yi wuya, an riƙa yin buroshi da gashin doki wanda ba a tsaftace yadda ya kamata ba, har aka samu mutane a Ingila da Amurka, ciki har da sojoji, da suka kamu da cutar antaraks, wata muguwar cuta da ake ɗauka daga dabbobi, ta wurin yankan aski. Yanzu ana kashe ƙwayoyin cuta a gashin tun kafin ya bar masana'anta, amma tsohon buroshi na wancan zamani da ba a san asalinsa ba gara a ajiye shi don kallo.

Wani abu da nake roƙon masu shiga irin wannan tsari, don Allah a rubuta abin da aka ji dalla-dalla. "Yana da kyau" ba ta taimaki kowa ba. Faɗi irin sabulun da ka sa, mai tauri ne ko kirim, a fuska ka tayar ko a kwano, gemunka mai kauri ne ko mai laushi, ya zubar da gashi ko bai zubar ba. Sabon ƙulli yakan saki 'yan silalla a farkon amfani, wannan ba komai, amma in kullum sai ka tsinci gashi a kumfa to akwai matsala a ɗaurin, kuma mai sana'ar zai so ya ji. Mutanen nan yawancinsu su kaɗai suke aiki a ɗan shagonsu, ba su da ɗakin gwaji, fuskokinmu ne gwajinsu. Ɗaya daga cikinsu ma ya bar ƙullin nasa ba tare da gam na dindindin ba, ya liƙa shi da silikon wanda ake iya cirewa, ya ce a gaya masa ko a ƙara zurfi ko a rage kafin ya kafe shi.

A nasa na rubuta cewa ya ƙara nutsar da shi da milimita 2, don yana buɗewa da wuri fiye da yadda mariƙin mai nauyi yake buƙata. Na ga mutum biyu kafin ni sun faɗi kusan haka, ɗaya kuma ya ce a bar shi yadda yake. Shi kuma mai ƙugun nan na icce, na riga na tambaya ko mai shi zai yi min irinsa da ƙullin baja mai milimita 26, a zaunar da shi yadda gashin da ya rage a waje zai zama wajen milimita 50.