Abin da na koya daga Anthony Shadid lokacin da nake aiko da rahoto daga Masar

Karatu ne ya kai ni Alƙahira, aikin jarida daga baya ya same ni. Da masu zanga-zanga suka cika dandalin Tahrir na birnin a watan Janairun 2011, wani gidan rediyo na gida ya nemi in riƙa aiko masa da rahoto, tunda ina jin Larabci. Ba ni da malami a sana'ar, sai na duƙufa karanta abin da Anthony Shadid ke rubutawa a jaridar New York Times, ina lura da yadda yake shiga mutane.

Shadid Ba'amurke ne, an haife shi a Oklahoma a 1968, amma kakanninsa mutanen Marjayun ne a kudancin Lebanon. Da girmansa ya zauna ya koyi Larabci, har ya yi wa kamfanin dillancin labarai na AP aiki a Alƙahira a shekarun 1990. Da Amurka ta afka wa Iraƙi a 2003, 'yan jarida da yawa sun bi ayarin sojojinta, a ci tare a kwana tare. Shi kuwa ya zauna cikin Bagadaza, wurin mutanen da ake yi wa ruwan bama-bamai. Aikin da ya yi wa Washington Post a can ya ba shi lambar yabo ta Pulitzer a 2004, ya sake samun ta a 2010.

Abin da na fara ɗauka a wurinsa shi ne zama. Da ka karanta rahotonsa ka san ya daɗe a gidan mutumin da yake ba da labarinsa, ya sha shayinsa, ya ji faɗansa da maƙwabta. Sai na rage bin taron manema labarai, na koma layin burodi da asuba. Gurasar gwamnati a lokacin ƙirshi biyar ce guda ɗaya. Wata dattijuwa da ke zuwa da kejin itace a kanta ta ƙi kula ni, sai ranar da ta ga na ajiye rakoda na taya ta shanya gurasar a bakin titi don ta huce. Nan ta zayyana mini abin da fanshon mijinta ke saya da abin da ba ya saya. Rahoton nan ya fi duk wanda na haɗa da bakin manyan masu sharhi jawo kiran waya daga masu sauraro.

Da yaƙi ya ɓarke a Libiya na tafi Sallum, kan iyakar Masar. Yawancin motocin 'yan jarida wucewa suke yi zuwa Bingazi. A filin kwastan kuwa baƙar fata ne zube a kan kwali da barguna, mutanen Sudan da Chadi da Eritiriya, sun gudo saboda ana musu kallon sojojin hayar Gaddafi. Ina cikin zagayawa na ji Hausa. Wani magini ne daga yankin Damagaram, an ƙwace masa waya da kuɗin aikinsa a shingen hanya.

"Malam, muryata za ka sa a rediyo?" ya tambaye ni. "To kar ka faɗi sunana. Tsohuwata ba ta san halin da nake ciki ba."

Ban faɗa ba, kuma tun daga nan sai na tambayi mutum kafin in kunna rakoda.

A watan Maris na shekarar sojojin Gaddafi suka kama Shadid da abokan aikinsa uku, Tyler Hicks da Lynsey Addario da Stephen Farrell, a wajen Ajdabiya. An yi musu dukan tsiya, amma kafin mako ya cika an sake su, da taimakon jami'an diflomasiyyar Turkiyya. Direbansu, matashi ɗan Libiya, bai dawo ba. Shadid ya faɗa a fili cewa abin ya tsaya masa a rai, kuma na yarda da shi. Sai dai gaskiya ɗaya ce: fasfo mai ƙarfi da babbar jarida ne suka fito da su, direba ba shi da ko ɗaya.

Shadid dai bai ja da baya ba. Tun 2002 aka harbe shi a kafaɗa a Ramallah, bai bar aikin ba. Ranar 16 ga Fabrairun 2012, yana hanyar fita daga Siriya a ɓoye, asma ta tashi masa, ya rasu yana da shekara 43. Hicks ne ya tsallaka da gawarsa zuwa Turkiyya.

Ni kuwa da editana ya ce in shiga Bingazi, direbana na fara tambaya, wani Bamisire mai 'ya'ya ƙanana. Ya ce da wannan fatar tawa ba za mu wuce shinge biyu ba. Gidan rediyon ba shi da inshora, ba shi da wanda zai bugi ƙirji a kaina, balle a kan direba. Na biya shi kuɗinsa cif, muka juyo Alƙahira, editan ya yi ta fushinsa har ya gaji.