Ashe ba haƙori ba ne

Shekara 3 ina fama da wani ciwo a kumatuna na dama. Yakan zo kamar an jona min wutar lantarki, daƙiƙu kaɗan, ya bar ni ina hawaye. Ruwan alwala ya taɓa fuskar, ko iskar hunturu ta buso, shi ke nan. Har asuwaki na daina a gefen.

Haƙora biyu lafiyayyu aka cire min, ciwon bai motsa ba. Na sha diclofenac har cikina ya fara ƙuna. Sai wata likitar jijiyoyi, Allah ya saka mata, ta saurare ni tsaf, ta ce ciwon jijiyar fuska ne, trigeminal, sau da yawa jijiyar jini ce ke danne ta kusa da ƙwaƙwalwa.

Ta ɗora ni kan carbamazepine, maganin farfaɗiya, kaɗan-kaɗan tana ƙarawa, ana duba jinina. Makonnin farko jiri da barci suka wahalar da ni sosai. In ya daina aiki, ta ce akwai tiyata, kuma gaskiya ina tsoronta.

Yau da asuba na wanke fuskata sau uku da ruwan randa, lafiya lau. Alhamdulillah.