Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Hajiya

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an sallami mahaifiyarmu daga asibitin Barau Dikko, tana gida a Tudun Wada, jiki yana ta sauƙi. A madadin iyalai ina miƙa godiya ga 'yan uwa da maƙwabta, da jama'ar masallacin unguwa da suka dage da addu'a, da matan da kwanon abincinsu bai yanke ba. Allah Ya saka da mafificin alheri, Ya bar zumunci.

Da yawa kun tambaya, ina ruwan mura da daskarewar jini? Mura ce ta fara kwantar da Hajiya. Zazzaɓin ya riga ya sauka, har ta koma sallah a tsaye, sai ƙafarta ta hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa idon sawu, ta ɗauki zafi, ko yatsa aka ɗora a sharaɓarta sai ta yi ƙara. Hoto ya nuna gudan jini a jijiyar cikin ƙafar.

Likitar da ta duba ta ta zaunar da mu, ba gaggawa, ta yi mana bayani. Idan ƙwayar bairos ta shiga jiki, garkuwar jiki kan taso da ƙarfi, kumburin da take haddasawa kuma yana raunata bangon cikin jijiyoyin jini. Wasu fararen ƙwayoyin jini sukan saki zare-zare kamar saƙar gizo-gizo don kama cutar, sai ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da jini idan mutum ya yanke su maƙale a ciki, gudan ya fara haɗuwa. Ga doguwar kwanciya ba motsi, ga ƙarancin shan ruwa. An ga haka sosai a masu korona a 2020, kuma mura mai tsanani ma tana jawo shi. Abin tsoron shi ne gudan ya ɓalle ya tafi huhu.

Godiya ta musamman ga nas ɗin dare, wadda ta ga an buɗe man zafi za a yi tausa ta ce, "Hajiya, don Allah kada ki bari kowa ya matsa miki ƙafar nan."

Masu zuwa dubiya, Hajiya tana shan warfarin, maganin da ke hana jini daskarewa. Don haka a yi haƙuri da jiƙe-jiƙe, kuma ba maganar wanzami ko ƙaho. Zogale da alayyahu ma an ce ta tsaya kan yawan da ta saba ci. A zo bayan la'asar, lokacin ta gama zagayenta na tsakar gida.