Abin da aikin tara sa hannu ya koya min game da takarar jam'iyya ta uku a Amurka

Na ajiye aikin, kuma ba gajiya ce ta sa ba duk da haka ake faɗa a ofis. Ku da muka yi tsayuwar bakin shaguna da tashar jirgin ƙasa tare kun san yadda abun yake, ba sai na tsaya bayani ba. Ina rubuta wannan ne saboda ƙannenmu da ke shigowa Amurka suna jin maganar a rage hannun gwamnati tana musu daɗi, kamar yadda ta min nima.

Ni ba karatun littafi ne ya kai ni ba. Duk wanda ya taɓa jan tasi a ƙasar nan ko ya buɗe ɗan shago ya san lasisi da fom da harajin tarayya da na jiha da tarar da za ta zo maka ta akwatin wasiƙa kana zaune. To da na ji akwai 'yan jam'iyyar Libertarian masu cewa gwamnati ta tsaya kan tsaro da kotu ta bar mutum ya nemi halalinsa, wallahi na yarda, kuma har gobe na yarda. Hanyar ce na daina yarda da ita, wato a ce duk shekara huɗu sai an tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa.

Kamfanin da na yi wa aiki kwangila yake karɓa ya tara sa hannu don sunan ɗan takara ya hau takardar ƙuri'a, mu kuma ana biyanmu kan kowane sa hannu. Ni ke riƙe da yara, yawancinsu 'yan Afirka ne, wasu ma ni na je har gida na roƙe su su zo. Da lokaci ya fara ƙurewa sai oga ya ce a koma wuraren da baƙi 'yan yawon buɗe ido ke taruwa tunda can ne cinkoso. Na ce masa oga mutanen nan ba su da rajistar zaɓe a jihar nan, duk abin da suka sa za a soke shi in an zo tantancewa, ya ce shi lamba yake so ba lacca ba. Yarana ban kai su can ba, muka ci gaba da bin unguwanni, muna tambayar mutum adireshinsa kafin mu miƙa masa biro, shi ya sa lambarmu ba ta kai ta sauran ba kuma kullum a mitin mu ake nunawa da yatsa.

Da aka tantance aka soke tari guda, masu kwangilar suka zaftare wa kamfani kuɗi. Sai oga ya tashi a gaban kowa ya ce matsalar daga "baƙin nan ne da ba sa jin Turanci sosai", wai ba mu iya karanta adireshi ba. Takardunmu su ne suka fi na kowa tsafta, ina da hoton kowace ɗaya a wayata, na nuna masa, ya ce ba a lissafi rukuni-rukuni, asara ta kowa ce. Amma da aka zo yankan kuɗi namu aka fi yanka. Mutumin da kullum bakinsa 'yanci da cika alkawari da haƙƙin mai gumi, shi ne ya cinye gumin yaran da wasunsu da kuɗin za su biya haya. Abin da na iya na cire daga aljihuna na rage musu, kuma ba na da-na-sani a kan wannan.

Ɓacin ran ne ya sa na zauna na fara lissafin ina kuɗin tafiyar nan ke zuwa. Jam'iyyar Libertarian tun 1971 aka kafa ta, amma har yau babban kaso na ƙarfinta a samun shiga takardar ƙuri'a yake ƙarewa, don kowace jiha da dokarta kuma manyan jam'iyyu biyun ne ke rubuta dokar. New York a 2020 ta ɗaga adadin sa hannu daga 15,000 zuwa 45,000, a tara cikin sati shida, shi ya sa a 2024 sunan mutum biyu kacal aka buga a takardar shugaban ƙasa ta jihar. In ka tsallake wannan sai muhawarar talabijin, wadda daga 2000 hukumar da ta saba shirya ta ta ce sai kana da kashi 15 a ƙuri'ar jin ra'ayi, kuma ta yaya za ka kai 15 in ba a gan ka a dandamalin ba? Sannan uwa uba tsarin wakilan zaɓe 538 da su ne ke zaɓen shugaban ƙasa, duk jihohi ban da Maine da Nebraska wanda ya zo na ɗaya shi ke kwashe wakilan gaba ɗaya. Ross Perot, ɗan takara mai zaman kansa, a 1992 ya samu kusan kashi 19, mutum sama da miliyan 19, bai tashi da wakili ko ɗaya ba. Wakili ɗaya tilo da Libertarian ta taɓa samu a 1972 ne, shi ma wani ɗan Republican ne daga Bajiniya ya saɓa wa jam'iyyarsa ya ba ɗan takararta John Hospers.

2016 ita ce damar da ba na jin za ta dawo nan kusa. Tsoffin gwamnoni biyu a tikitin Libertarian, Gary Johnson na New Mexico da Bill Weld na Massachusetts, ga jama'a da yawa ba sa son Trump ba sa son Hillary, amma aka tashi da kashi 3.3, ƙuri'a wajen miliyan 4 da rabi. 2020 aka sauko kashi 1.2, 2024 ɗan takarar jam'iyyar, Chase Oliver, ko rabin kashi ɗaya bai kai ba. A tsakanin nan bashin gwamnatin tarayya ya tashi daga wajen dala tiriliyan 20 a farkon 2017 ya wuce tiriliyan 36 a ƙarshen 2024, a hannun Republican da Democrat duka.

Wasu 'yan gida na ce min ai Kwankwaso da Obi sun girgiza zaɓen 2023. Eh, amma su suna da ƙasar da suke takawa, ɗaya ya ci Kano ɗaya ya ci har Legas. Masu son a taƙaita gwamnati a Amurka ba su da Kanonsu, a warwatse suke kashi biyu nan kashi uku can.

Ba zan ce takarar ba ta da amfani sam ba, zalunci ne in faɗi haka. Perot ya sa maganar giɓin kasafin kuɗi ta zama dole a bakin kowa, kuma daga 1998 zuwa 2001 kasafin tarayya rara ya yi, ko da yake ba shi kaɗai ne dalili ba. A Jojiya a 2020 tazarar Biden da Trump ba ta kai 12,000 ba alhali Jo Jorgensen ta Libertarian ta samu ƙuri'a sama da 60,000, kuma ina ganin irin wannan lissafin ne ya kai Trump taron Libertarian a watan Mayun 2024, aka yi masa ihu, ya yi alkawarin sassauta wa Ross Ulbricht, wanda ke ɗaurin rai da rai kan kasuwar intanet ta haramtattun kaya, ya kuma yafe masa a Janairun 2025. An samu wani abu, amma mutum ɗaya ne ya fito daga kurkuku, haraji da lasisin da suka dame mu suna nan inda suke. Ron Paul kuwa da ya tsaya a Libertarian a 1988 kusan rabin kashi ɗaya ya samu, sai da ya shiga zaɓen fidda gwani na Republican a 2008 da 2012 sannan Amurka ta ji maganarsa kan babban banki da yaƙe-yaƙen waje, ɗansa Rand ya ci sanata a 2010.

Inda na ga gwamnati ta janye hannu da gaske, a harkar kitso ne. A jihohi da yawa a da sai mace ta yi makarantar gyaran gashi ta biya dubban daloli kafin a bar ta ta yi kitson da ta iya tun tana yarinya. A Utah awa 2,000 ake nema, sai da wata 'yar Saliyo, Jestina Clayton, ta kai ƙara kotun tarayya ta ba ta gaskiya a 2012. Misisipi tun 2005 ta sauke wannan sharaɗi, ya koma rajista kawai. Lauyoyi kaɗan da 'yan majalisar jiha suka yi wannan, kuma yayyenmu mata da ke da shagon kitso su suka ci moriyarsa kai tsaye. Kuɗin da muka ƙona a tara sa hannu a jiha ɗaya da ya isa a bi irin wannan doka har a ga bayanta.

Sauran darussan gajeru ne. Kar ka fara aiki sai farashi na rubuce. Ka ɗauki hoton duk takardar da ka miƙa. Kar ka yi wa yaran mutane alkawarin kuɗin da ba a hannunka yake ba.

Yanzu zaman majalisar gari nake zuwa, muna bin maganar lasisin masu sayar da abinci a bakin titi tare da wasu 'yan uwa. Oga ya kira ni kwanaki wai an samu sabuwar kwangila kuma ba shi da mai riƙe yara kamata, na ce masa to madalla, a fara biyan yarana cikon kuɗinsu tukuna. Har yau bai sake kira ba.