La'ada kafin ciniki

Daren jiya na rufe jadawalin nan da na shafe shekara uku da 'yan watanni ina cikawa. Ejan 61, masu nema wa marubuci kamfanin da zai buga masa littafi, na aika wa littafina. 38 ko tari ba su yi ba, 19 suka turo amsar nan tasu ta gama-gari mai ladabi kamar katin ta'aziyya, uku suka nemi su ga littafin gaba ɗaya sannan suka ce a'a. Ɗaya ne ya ce e, kuma a kansa zan yi magana, don shi ya raba ni da 'yan kunnena na lefe.

Waɗanda muke zaman karatun Asabar tare sun san littafin. Labarin unguwar Kakuri ta Kaduna ne, na gidajen da suka rayu da albashin masaƙa. Babanmu a can ya yi aiki, ni kuwa da jiniyar canjin aiki na koyi sanin lokaci tun ban iya duba agogo ba. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007, unguwa ta yi tsit. Da Hausa na fara rubuta shi, babi-babi a WhatsApp. Zuwana bikin littattafai na Kaduna, KABAFEST, na farko a Gusau Institute, Yulin 2017, shi ya sa mini ƙwaɗayi. Na ga 'yan Arewa irina zaune a kan dandamali da littattafansu da aka buga a Turai, na dawo gida na ce ni ma sai na gwada. Shekara huɗu na yi ina sake gina shi da Turanci, har ya kai kalma 92,000.

Zuwa Oktoban 2022 an ƙi ni sau ashirin da huɗu, jikina duk ya yi sanyi. A nan wani babba a cikinmu ya shigo. Ba zan kama suna ba, masu zuwa zaman sun san wanda ba a fara karatu sai ya iso. Bayan an tashi ya kira ni gefe ya ce, "Malama, kin daina wahalar da kanki haka nan. Akwai mutumina a Amurka, ki ce ni na turo ki." Har ƙasa na durƙusa ina godiya.

Kwana huɗu amsa ta zo. Duk wanda ya taɓa wannan harka ya san wata biyu zuwa uku ake jira, amma ni a lokacin cewa na yi albarkacin Malam ne. Yabo ne shafi guda: murya sabuwa, labari mai ratsa zuciya, duniya na jiran irinsa. Sau nawa na karanta wasiƙar nan, har Abban yara sai da na tasa daga barci na karanta masa. Sai bayan komai ya lalace na lura babu sunan mutum ko ɗaya daga cikin labarin a wasiƙar, babu Kakuri, babu masaƙa. Da littafin koyon girki na tura, yabon zai zauna masa daram. A can ƙasa aka ce kafin a kai wa kamfanonin ɗab'i sai an yi tantancewa da gyara, dala 350.

Lokacin dala ta haura naira 700 a kasuwar bayan fage, bankuna kuma sun taƙaita abin da katin naira zai iya saye a waje zuwa dala 20 a wata. Wato ko ina da kuɗin ma sai na bi ta hannun 'yan canji. To ba ni da su, albashin malamar makarantar kuɗi kun san shi. Ranar wata Talata na tashi daga aji na wuce kasuwar Sheikh Gumi, layin masu gwal. Mutumin ya goga ɗan kunnen a dutsensa, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗora a ɗan sikelin nan mai murfin gilashi, ya juyo mini da lambar in gani da idona. Ya ce, "Hajiya, lafiya dai ko? Wannan ba irin wanda ake rabuwa da shi ba ne." Na ce masa jari zan ja. Wallahi har zuciyata haka na ɗauka.

Bayan mako uku rahoton gyara ya iso, shafi uku. A rage kalmomin siffantawa, a ƙara wa tattaunawa armashi, irin abin da ke cikin kowane littafin koyon rubutu. Sunan jarumar ma ba daidai aka rubuta ba. Na haɗiye. Sai a watan Janairu wata wasiƙar ta biyo baya: za a kai littafina bajekolin littattafai na Landan a Afrilu, kuɗin gurbi dala 900.

A makon ne na je gida Tudun Wada. Innarmu shekara talatin tana dillanci, atamfa da leshi da kwanukan jere, gida-gida da ƙullinta a ka. Ina cire mayafi ta kafe kunnena da ido.

"Ke, ina 'yan kunnenki?"

Na so in kauce, Inna ba a kauce mata. Na kwashe komai na faɗa, har ina yi mata bayanin wai ejan wani irin dillali ne na littattafai a ƙasar Turawa, shi ke shiga tsakanin marubuci da kamfani. Tana tsince shinkafa a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ya sayar?"

Na ce tukuna.

"To la'adar me ya ci?"

Na rasa bakin magana. Tun ina firamare nake rakiyar matar nan. Na sha ganin ta yi yawon kwana goma da turmin atamfa, takalmi ya cinye, ba a saya ba, ta mayar wa mai shi ba ta karɓi ko sisi ba. Na san dillali ba ya cin la'ada sai ciniki ya faɗa, sanin da na yi wa sunana. Amma da aka rubuto mini da Turanci, da tambari a saman takarda, aka ce daga Amurka, sai ilimin gidanmu ya gudu ya bar ni. Ni mai digiri a Turanci, ni ke koya wa 'yan aji shida yadda ake gane manufar marubuci.

A daren na yi binciken da ya kamata in yi tun farko, bai ci mini minti ashirin ba. Akwai Writer Beware, da tun 1998 aikinsu ke nan, tona asirin masu damfarar marubuta, kuma duk matakan da aka bi da ni suna nan a jere kamar da ni aka rubuta: amsa da gaggawa, yabo marar suna, ƙaramin kuɗi, sannan babba. Ƙungiyar ejan-ejan ta Amurka, AALA, ta haramta wa 'ya'yanta karɓar kuɗin karatu. Ejan na gaskiya kashi 15 cikin ɗari yake ɗauka, 20 idan an sayar da haƙƙin fassara ko na wata ƙasa, kuma daga kuɗin da kamfani ya biya yake cira ya miƙo maka sauran. Tsarin Inna ne sak. Na nemi littafi ɗaya tak da mutumin Malam ya taɓa sayar wa wani kamfanin kirki, ban samu ba.

Kuɗin sun tafi, na haƙura da su. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne zuwana wajen Malam. Cikin ladabi na je, na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan fa akwai matsala, kada a sake tura wani." Ya gyara zaman hularsa ya ce harkar ɗab'i sai da haƙuri, mu yaran yanzu gaggawa ta yi mana yawa. Bayan wata biyu magana ta dawo kunnena cewa ya faɗa a gaban mutane wai Turancina ne bai nuna ba, shi ya sa aka kasa sayar da littafin. Daga baya na gano mu uku ya tura. Ban ce ya ci wani abu a ciki ba, Allah ne masani. Na dai san ko sau ɗaya kalmar "yi haƙuri, na yi kuskure" ba ta fito daga bakinsa ba, kuma har gobe shi ke zama a kujerar gaba.

Sauran abin da na koya ba shi da yawa. Wasiƙar neman ejan kada ta wuce kalma 300. Tawa ta farko shafi ɗaya da rabi ce, rabinta gaisuwa kamar mai neman aiki a sakatariya. 'Yan Ingila galibi wasiƙa suke so da taƙaitaccen labari na shafi guda, har da yadda ya ƙare, da babi uku na farko. 'Yan Amurka wasiƙa da shafuka biyar ko goma a cikin jikin saƙon. A duba sunan kowa a QueryTracker, shafin intanet da ke tara bayanan ejan-ejan, a ga me ya taɓa sayarwa. A tura kaɗan-kaɗan, kada a ƙone sunaye hamsin da wasiƙar da ba ta gyaru ba. Wanda duk ya ce "mutumina ne", a tambaye shi littafin wa mutumin nasa ya sayar, ko da kuwa ya girmi mahaifinka.

Kuma ba dole sai da ejan ba. Cassava Republic da Masobe da Ouida da Narrative Landscape duk a nan gida suke, sukan karɓi rubutu kai tsaye daga marubuci idan sun buɗe ƙofa. Littafin Hajiya Balaraba Ramat da Aliyu Kamal ya fassara, kamfanin Blaft na Indiya ne ya buga shi a 2012, bai bi ta Landan ba.

Cikin ukun nan da suka karanta littafin duka, wata Baturiya ta rubuto mini layi biyu, kyauta. Ta ce babi ukun farko na ɓata su ina yi wa baƙo bayanin mu su wane ne, labarin bai fara ba sai a babi na huɗu, safiyar da jiniya ba ta yi kuka ba. Na koma na duba na Hausar da na watsar tun 2017. Daga wannan safiyar ya fara. Shi na ɗauko yanzu nake gyarawa, na Turancin kuma na sare masa babi uku, yana jiran a buɗe ƙofa a Legas ko Abuja.

Makon jiya Malam ya turo mini saƙo, wai tunda na ƙware a harkar, in zo zaman Asabar in yi wa yara bayanin yadda ake neman ejan. Alamar nan shuɗiya guda biyu ta nuna masa na karanta. Yau kwana tara ke nan. A ƙa'idar ejan-ejan, sai shiru ya kai wata uku ake ɗaukar sa a matsayin amsa.